Rariyar Imel Ɗaliba Ce, Mu Ne Malamanta

Yau za mu ɗan jingine maganar jigo da salo da ƙa'idojin rubutu, mu taɓa wani abu da ke cikin wayar kowannenmu, wanda ya taɓa cutar mu a ƙungiyance, kuma muna kyautata zaton yana cutar wasunku ba tare da sun ankara ba.

Kwanakin baya wata 'yar uwarmu a ƙungiyar marubuta ta tura gajeren labarinta ga wasu masu haɗa kundin labarai. Ta jira amsa har ta gaji, ta ɗauka nata bai samu shiga ba, ta haƙura. Sai ranar da take laluben wani tsohon rasit a imel ɗinta hannunta ya faɗa kan jakar da aka rubuta wa Spam. Sai ga wasiƙar editan a kwance, ta yi sati uku a wurin. An karɓi labarin, ana so ta yi 'yan gyare-gyare ta mayar cikin kwana goma. Kwana goman kuwa tuni sun wuce.

Da ta kawo kukanta taron wata, kowa ya hau tsine wa na'ura. Sakatarenmu ya ce ai shi ma takardun gayyatar da yake turawa, mambobi da yawa cewa suke ba su gani ba. Ana cikin haka wani ɗan uwa ya yi dariya ya ce shi kam duk lokacin da saƙon tunin kuɗin wata ya shigo, maɓallin Spam yake danna masa don ya huta. Wasu biyu suka ce wallahi su ma haka suke yi. Ita kuma mai labarin da aka tambaye ta yaushe rabonta da leƙa jakar, sai ta ce ita ba ta ma san da ita ba.

Tun daga ranar muka shiga bin diddigin yadda abin nan yake aiki, kuma ga inda muka tsaya: rariyar da ke tace mana saƙonni koyo take yi, kuma a hannunmu take koyo. Duk danna maɓallin nan da muka yi shaida ce muka bayar a kan wani. Wanda ya ba da shaidar zur don ya huta, da wanda aka yi kuskure a gabansa bai gyara ba, dukansu suna da hannu a wasiƙar da ta ɓata.

Matsalar tarkacen saƙonni ta girmi yawancinmu. A shekarar 1978 wani ɗan talla na kamfanin kwamfuta na DEC a Amurka, Gary Thuerk, ya tura tallar sababbin na'urori ga mutum kusan 400 a kan ARPANET, wato kakar intanet. Shi ake lissafawa a matsayin saƙon tarkace na farko. Da intanet ta bazu a shekarun 1990 abin ya zama ambaliya. Maganin farko da aka kawo shi ne a zauna a rubuta dokoki da hannu: duk saƙon da ke ɗauke da kalma kaza a jefar da shi, duk wanda ya fito daga adireshi kaza a tare shi. Sai dai doka a tsaye take, ɓarawo kuwa yawo yake. Yau a hana kalma, gobe ya sauya mata harafi ɗaya ya wuce. Ga kuma likita ko ɗan jarida da ke amfani da kalmar a aikinsa na gaskiya, shi ne za a tare.

Mafitar ta zo ne daga wani tsohon lissafi. Thomas Bayes limamin coci ne a Ingila, ya rasu a 1761, abokinsa Richard Price ya fitar da rubutunsa a 1763. Abin da lissafin ke koyarwa shi ne yadda mutum zai riƙa gyara zatonsa duk lokacin da sabuwar hujja ta zo masa. A 1998 wasu masu bincike na Jami'ar Stanford da kamfanin Microsoft suka nuna za a iya tace imel da shi. Amma wanda ya sa abin ya karaɗe duniya shi ne Paul Graham, wani masanin kwamfuta a Amurka, da maƙalar da ya saki a watan Agustan 2002 kan dabarar yaƙi da tarkacen saƙonni.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ka tara saƙonninka tsibi biyu, na kirki gefe guda, tarkace gefe guda. Kai ne ka raba su, domin kai ka san wanne ne wanne. Sai manhaja ta bi kowane tsibi tana ƙirga kalmomi. Mu ƙaddara, don misali kawai, kowane tsibi na da saƙo 100. Kalmar "garaɓasa" ta fito a tarkace 60, a na kirki kuma 5. To duk saƙon da ya zo da ita, yiwuwar tarkace ne ta kai 60 cikin 65, wato wajen kashi 92 cikin 100. Kalmar "babi" kuma ta fito a tarkace 1, a na kirki 40, nata makin bai wuce kashi 2 da ɗoriya ba. Haka kowace kalma za ta samu makinta. Idan sabon saƙo ya shigo, manhajar Graham takan zaɓi kalmomi 15 waɗanda makinsu ya fi karkata, ko dai zuwa zargi ko zuwa wankewa, ta haɗa shaidarsu. In jimillar ta haura kashi 90 cikin 100, sai ta yanke hukuncin tarkace ne.

Ku lura, babu inda manhajar ta fahimci ma'anar "garaɓasa". Ƙirga kawai ta yi. Shi ya sa takan gano abin da ɗan Adam ba zai yi tunaninsa ba. Graham ya ba da labarin cewa ɗaya daga cikin manyan alamomin tarkace a wurinsa ba ma kalma ba ce, lambar nan ce ff0000, wadda ake sa rubutu ya zama ja wur da ita a shafin intanet. Masu talla na son jan rubutu, abokansa kuwa ba sa rubuto masa da ja.

Akwai wani abu da Graham ya yi wanda ya kamata mu riƙe. Da gangan ya ninka ƙidayar kalmomin da ke tsibin kirki sau biyu, don rariyar ta riƙa jinkirin zargi. Dalilinsa shi ne kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. In tarkace ya kutso akwatinka, daƙiƙa biyu za ka ɓata ka kawar da shi. In wasiƙar kirki ta faɗa jakar tarkace, kana iya rasa aiki ko gurbin karatu, ko ka rasa shiga kundi kamar 'yar uwarmu. Wanda ya ƙera abin ya fi jin tsoron kuskure na biyu. Mu masu amfani da shi kuwa na farkon kaɗai muke gani, shi muke ƙorafi a kai.

Daɗin wannan tsari shi ne rariyar kowa takan ɗauko halin mai ita. Ku ɗauki kalmomin "gasa" da "kyauta". A akwatin wani ɗan kasuwa, saƙon da ya ce ka ci gasa ga kyautarka kusan kullum damfara ce. A akwatin marubuciyar da ke shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, waɗannan kalmomi biyu su ne ma abin da take kwana tana jira. Babu wata doka guda da za ta yi wa mutanen nan biyu adalci. Sai dai kowa ya koya wa tasa rariyar.

Kuma koyarwar fuska biyu gare ta. Manhajar Thunderbird ta Mozilla, wadda ake sauke ta kyauta a kwamfuta, tana da irin wannan rariya. Ka danna harafin J ka ce wannan tarkace ne, ka haɗa Shift da J ka ce wannan na kirki ne, ita kuma tana adana ƙidayar a wani ɗan fayil a cikin kwamfutarka. Masu ita suna nanata cewa a nuna mata dukan biyun. SpamAssassin, wadda ake girkawa a sabar imel, ba ta ma fara amfani da lissafin Bayes sai ta ga aƙalla tarkace 200 da saƙon kirki 200. Hikimar a fili take. Yaron da kullum mugun abu kaɗai ake nuna masa, ba a taɓa cewa ga nagari ba, zai tashi yana zargin kowa.

A nan ne yawancinmu muke kwafsawa. Goge saƙo ba koyarwa ba ce. In ka jefa saƙon damfara kwandon shara, ka share ɗakinka ne kawai, ba ka faɗa wa rariyar cewa ta yi kuskure ba, gobe ɗan uwansa zai shigo. Haka in ka tsinci wasiƙar kirki a jakar tarkace ka karanta ta a can ka fita, ka bar hukuncin a yadda yake. Sai ka danna maɓallin da ke cewa wannan ba tarkace ba ne sannan darasin ya shiga.

Wani zai ce ai mu ba Thunderbird muke amfani da ita ba, Gmail ne a wayoyinmu. Gaskiya ne, kuma a nan maganar ta fi nauyi. Gmail, wanda aka buɗe a 2004, ya wuce ƙirga kalmomi kaɗai. Yana duba ko saƙon da gaske daga inda ya ce ya fito ya fito, yana duba tarihin mai aikowa da mahaɗan da ke ciki, yana kuma amfani da ƙirƙirarriyar basira. Amma Google da kansa ya bayyana cewa maɓallan nan biyu, na kai ƙara da na wankewa, suna cikin abin da ke horar da rariyarsa. Bambancin shi ne a Thunderbird ɗalibarka taka ce kai kaɗai, a Gmail kuwa aji ɗaya muke koyarwa mu duka. Shaidarka tana shiga cikin mutuncin mai aikowa, mutuncin nan kuma shi ake dubawa idan ya aika wa wani.

Don ku ga yadda ma'aunin yake da tsauri: daga watan Fabrairun 2024 Google ya shar'anta wa masu tura saƙo 5,000 ko fiye a rana cewa ƙarar da ake kai su kada ta kai kashi 0.3 cikin 100. Mutum uku ke nan cikin dubu. Ya kuma wajabta musu sanya hanyar da mutum zai cire kansa daga jerin masu karɓa da dannawa ɗaya. Ma'ana an tanadi ƙofa ga wanda ya gaji, an tanadi wata daban ga wanda aka cuta. Ɗan uwanmu da ya gaji da tunin kuɗin wata ƙofar farko ce tasa, ko ma ya ɗaga waya ya ce wa sakatare a daina turo masa. Sai ya bi ta biyu, ya kai ƙarar ƙungiyarsa a matsayin 'yan damfara. Bai yi da mugun nufi ba, amma na'ura ba ta karanta niyya, ƙuri'a kawai take ƙirgawa.

Google ya ce yana tare fiye da kashi 99.9 cikin 100 na tarkace. A 2015 ya ce saƙon kirkin da ke faɗawa jakar tarkace bai kai kashi 0.05 cikin 100 ba, wato ƙasa da ɗaya cikin 2,000. A takarda wannan ƙaramin abu ne. Amma in ɗayan nan shi ne kiran ganawar ɗaukar aikin da ka shekara kana jira, lissafin ba zai share maka hawaye ba. Ga shi kuma duk abin da ya kwana 30 a jakar, Gmail share shi yake yi gaba ɗaya. 'Yar uwarmu da ta ƙara kwana goma ba ta leƙa ba, da har yau tana nan tana ganin labarinta ne bai yi kyau ba. Wannan ya fi rasa kundin ciwo, domin marubuci matashi na iya ajiye alƙalami a kan ƙin amsar da ba a taɓa yi masa ba.

Me ya sa ba za a koya wa rariyar sau ɗaya a huta ba? Saboda ɗaya ɓangaren ma ba barci yake ba. Da rariyoyin Bayes suka yaɗu, masu tarkace suka koma sauya harafi da lamba, suna cusa dogayen jimloli marasa laifi a ƙasan talla don su rinjayi ma'auni, daga baya suka koma rubuta tallar a cikin hoto inda babu kalmar da za a ƙirga. A watan Janairun 2004 Bill Gates ya faɗa a taron Davos cewa nan da shekara biyu za a gama da matsalar. Shekara ashirin sun wuce, ga mu muna maganarta. Tsuntsu ya koyi tashi, maharbi ma dole ya sake koyon harbi, kuma sabon salon damfara mutum ne ke fara gane shi kafin na'ura.

Akwai kuma inda abin ya taɓa mu kai tsaye. A cikin maƙalar Graham ta 2002, cikin kalmomin Turancin da suka samu makin zargi mafi girma akwai "madam" da "republic". Ta farko saboda tarkacen da ke buɗewa da gaisuwar nan ta Dear Sir or Madam, ta biyu kuma, in ji shi, saboda yawan fitowarta a wasiƙun damfara na Najeriya, waɗanda duniya ta sani da 419, lambar wani sashe na dokar manyan laifuka ta ƙasarmu. To wannan gaisuwa ita aka koya mana a sakandare a matsayin buɗin wasiƙar neman aiki. Wake ɗaya ya ɓata gari. Rariyar ba ƙin mu take yi ba, abin da aka tara mata ta ƙirga. In ba ta ga isassun wasiƙun kirki daga wajenmu ba, da waɗanda ta gani za ta yi hukunci.

Haka batun harshe. A tsarin Graham, kalmar da rariya ba ta taɓa gani ba ana ba ta maki 0.4, kusan tsaka-tsaki, ba ta zargi ba ta wankewa. Ku auna wasiƙar da aka rubuta da Hausa zalla ta je gaban rariyar da Turanci kaɗai ta sani. Kalmominta duka baƙi ne, babu mai tsaya mata. Hukuncin sai ya koma kan ɗan abin da rariyar ta gane, kamar mahaɗi ko adireshi ko wata kalmar Turanci guda da ta ratso. Kullum muna kuka a zauren nan cewa fasahar zamani ba ta san Hausa ba. To ga wuri guda da ba ma bukatar kuɗi ko digiri kafin mu koya mata. Duk wasiƙar Hausa ta kirki da muka ceto, da duk damfarar Hausa da muka kai ƙara, darasi ne muka ba ta.

Mun san akwai masu ja, kuma jansu na da tushe. Wasu za su ce wannan ai aikin banza muke yi wa kamfanin da ya fi ƙasashe da yawa kuɗi. Ba mu musa ba. Google na amfana da dannawarmu, kuma ya faɗa a fili cewa in ka kai ƙarar saƙo yana karɓar kwafinsa, yana iya bincika shi. Wanda wannan ya dame shi yana da hujja, kuma yana da zaɓin manhaja irin Thunderbird da ke ajiye karatunta a kwamfutarsa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce ƙin koyarwa tsayawa tsakiya ne. Ko ka danna ko ba ka danna ba, rariyar za ta yanke hukunci a kan wasiƙunka, da karatun da wasu suka ba ta. In ta yi kuskure, kamfanin ba ya rasa komai, kai ne mai asara.

Wasu kuma za su ce wa ke ta imel yanzu, ai komai ya koma WhatsApp. Hira ce ta koma can. Amma rajistar JAMB da ta bautar ƙasa, da neman aiki, da tallafin karatu, da tura rubutu ga mawallafa, duk adireshin imel ake tambaya. Saƙonnin da ke sauya rayuwar mutum ta nan suke bi, kuma su ne muka bar wa mai gadin da ba mu taɓa gaisawa da shi ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da muka duba takardun da ƙungiyarmu ke turawa, mun ga namu laifin. Adireshin mutane da yawa a jere a saƙo guda, kanun saƙo da manyan haruffa da alamar motsin rai uku uku, cikin saƙon babu komai sai hoton takardar gayyata, har da mutanen da ba su taɓa cewa a riƙa turo musu ba. Duk siffofin tarkace mun tara su, sannan muna mamakin an ɗauke mu tarkace. Yanzu sakatare yana rubuta bayani da kalmomi, yana tura wa waɗanda suka amince kaɗai, kuma yana faɗa a ƙarshe cewa wanda ba ya so ya yi magana a cire shi.

Saboda haka ga roƙonmu ga 'yan wannan zaure. Mu ware rana ɗaya a mako, ko ranar da wannan fili ke fitowa, mu leƙa jakar Spam, minti biyu ya isa. Abin da muka gani na kirki mu danna masa maɓallin wankewa, kada mu karanta mu wuce. Editoci da makarantu da wuraren da muka nemi aiki mu adana adireshinsu cikin jerin abokan hulɗarmu. Saƙon damfara in ya shigo mu kai ƙararsa kafin mu rabu da shi, kada mu buɗe mahaɗin da ke ciki, kada mu ba shi amsa. Jaridar da muka yi wa rajista da hannunmu muka gaji da ita, mu cire kanmu ta ƙofar da aka tanada. Wanda muka yi saɓani da shi kuma, mu toshe shi in ya zama dole, amma kada mu kira shi ɗan damfara alhali mun san ba shi ba ne.

Mu marubuta mun fi kowa sanin zafin a yi wa rubutu hukunci ba a karanta shi ba. 'Yar uwarmu ta rubuta wa editan ta ba da haƙuri, ya ce kundin ya riga ya tafi maɗaba'a, amma ta turo wani labarin in an buɗe na gaba. Tana nan tana rubutawa, kuma yanzu duk Juma'a sai ta leƙa jakar.

Ku ma ku leƙa taku yau, ku dawo ku faɗa mana abin da kuka tsinta. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.